WAƘA A BAKIN MAI ITA

A garinmu akwai wani tsoho makaɗin kalangu, wanda tun ina yaro na ke jin kiɗansa kowace ranar kasuwa a rumfar mahauta. Ba sai an aika an gaya wa mutanen gari an yi yanka ba, in sun ji kalangunsa da hantsi sun san nama ya iso. Shekara uku ke nan da Allah ya yi masa rasuwa. Kwanan baya na shiga zauren gidansa don in gai da iyalinsa, sai na ɗaga kai na ga kalangun nan rataye jikin bango. Ba abin da ya same shi. Icen na nan, fatun biyu na nan, tsarkiyoyi ba wadda ta tsinke, har ɗan sandan kiɗan an soke shi a tsakaninsu yadda mai shi ya saba yi. Na roƙi babban ɗansa ya sauko mini da shi. Na rataya a kafaɗa, na buga. Ya yi ƙara dai kam, amma irin ƙarar da akushi zai yi in an ƙwanƙwasa shi. Yaran gidan suka yi dariya, ni ma na taya su, na mayar masa da kayansa.

Tun daga ran nan wata tambaya ta hana ni sakat. Kiɗan nan da na yi shekara talatin ina ji, ina ya tafi? In a cikin kalangu ya ke, ga kalangu nan, me ya hana shi fitowa? In kuwa a cikin tsohon ya ke, me ya sa bai taɓa iya fito da shi ba sai ya ɗauki kalangu? Wani zai ga tambayar ta marasa aikin yi ce. Ni ma da farko haka na ɗauke ta. Amma da na bi ta sai ta kai ni ga wani hakki da mu ke ci kullum ba mu sani ba, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta.

Ku da kuka koyi karatu da girmanku kun fi kowa kusa da amsar, domin ba ku manta da ranar da baƙaƙe suka fara yi muku magana ba. Yaro ya kan iya karatu bai san sa'ad da ya iya ba, amma babba yana tune da wahalar. Kun tuna yadda malami zai rubuta kalma a allo, ku haɗa baƙi da wasali daidai, amma ku rasa abin da a ke nufi sai ya faɗa da bakinsa? In an rubuta "wuya", takarda ba ta gaya maka ko wuyan da ke ɗauke da kai ne, ko wuyar da a ke sha wajen noma. Baƙaƙen ɗaya ne. Murya ce ke raba su: a na farko ta fara sama ta sauko, a na biyu ta fara ƙasa ta hau. Haka "gari", ko wanda a ke zama a ciki, ko wanda a ke tuƙa tuwo da shi. Ashe ko maganar yau da kullum takarda rabinta ta ke riƙewa, sauran rabin yana bakin mai karatu. To, in haka magana ta ke, ina ga waƙa, wadda hawa da saukar murya su ne jikinta?

Wannan hawa da sauka shi ne asirin kalangu. An sassaƙa shi da ƙugu siriri da baki biyu, an rufe kowane baki da fata, an ja tsarkiyoyi daga wannan baki zuwa wancan. In makaɗi ya matse tsarkiyoyin fata ta ɗaure, murya ta hau. In ya sassauta, ta sauka. Da haka ya ke bin sawun harshen Hausa har ya faɗi taken mutum, wanda ya san taken kuwa ya ji shi sarai kamar an faɗa da baki. Amma matsewar nan, ina iyakarta? Ba wanda ya taɓa auna ta. Fatar da ta yi sanyi da damina ba ita ce wadda ta bushe da hunturu ba, saboda haka hannun da ya matsa jiya ba zai matsa haka nan yau ba. Bayan wannan kuma makaɗi yana duban mutane. In ya ga sarkin fawa ya fito fuska a ɗaure, ya san yadda zai shigo masa da takensa a hankali har ya sake. In ya ga samari sun taru, ya ƙara wuta. Duk wannan ba ya cikin ice, ba ya cikin fata, kuma shi ne abin da na nema na rasa ran da na buga kalangun tsohon nan.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Na daɗe ina jin wannan karin magana ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko wane ne "mai ita" ba. A ƙasarmu tambayar ba ta cika tasowa, don galibi wanda ya ƙaga waƙa shi ke rera ta. Ibrahim Narambaɗa shi ya shirya waƙoƙin da ya yi wa Sarkin Gobir na Isa, shi ya rera su bisa kotso. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi da kuntiginsa ne kawai, watau ɗan gwangwani da aka rufe da fata aka ja masa tsarkiya ɗaya tak, ya ishe shi cika fili. Alhaji Mamman Shata kuwa, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, shi ne ma ya fi nuna abin, domin an san shi da shirya waƙa nan take gaban jama'a, ga 'yan kalangu ga 'yan amshi a bayansa. Wanda ya saurari Bakandamiyarsa da aka ɗauka a wurare dabam dabam zai tarar ba biyu da suka zo daidai. Amshin na nan, kiɗan na nan, amma nan ya ƙara, can ya rage, wani wuri ya ambaci wanda ya gani zaune a gabansa. Wace ce Bakandamiyar gaskiya a cikinsu? Dukansu ne, don kowace ita ce abin da ya yi a wannan dare.

Masu ilmi sun yi ƙoƙari sun rubuta waƙoƙin Shata a littattafai, Allah ya saka musu, don aiki ne mai amfani. Amma ka ɗauki ɗaya ka karanta a zuci, ka ga. Za ka tarar da magana ɗaya an maimaita ta sau da yawa, har ka ce me ya sa mutane suka yi ta tururuwa kan wannan? Maimaicin da ya gundure ka a takarda shi ne a fili ya ke ta da tsikar jiki, don kowane zagaye da irin nauyin da ya ke ɗora masa, da wurin da ya ke yanke numfashi, da yadda kalangu ke cike gurbin da ya bari.

To, amma mai gardama zai ce, ai wannan bai nuna darajar mai rerawa ba, darajar mai ƙagawa ya nuna, tun da Shata shi ne duka biyu. Magana ce mai ƙarfi, kuma ba za a warware ta ba sai an sami wurin da mai ƙagawa dabam, mai kaɗawa dabam. Irin wannan ya fi yawa a ƙasashen Turai, saboda haka bari mu leƙa can.

Turawa sun daɗe da gano hanyar rubuta kiɗa. Su kan ja layi biyar biyar a kwance, su ɗiɗɗiga alamu a kan layukan da tsakaninsu, kowace alama tana nuna hawan murya da tsawonta. Saboda haka mutum ya kan zauna a ɗaki ya rubuta kiɗa kamar yadda a ke rubuta wasiƙa, wani a wata ƙasa ya karanta ya kaɗa. A ƙasar Jamus an yi wani gwanin wannan aiki, sunansa Bak, an haife shi a 1685 ya mutu a 1750. Wajen 1720 ya rubuta kiɗa kashi shida domin wani babban goge mai tsarkiya huɗu da a ke kira celo, wanda don girmansa sai an zauna an kafa shi tsakanin gwiwoyi. Takardun da ya rubuta da hannunsa sun ɓace, amma akwai kwafin da matarsa, Ana Magdalena, ta yi. Daga baya aka buga su, aka sayar. Duk da haka fiye da shekara ɗari bayan mutuwarsa yawancin masu celo darasin horar da yatsu suka ɗauke su, abin da ɗalibi zai yi ta maimaitawa a ɗaki. Ba a saba zama gaban jama'a a kaɗa ɗaya daga cikinsu tun daga farko har ƙarshe ba.

A 1890 wani yaro ɗan shekara 13 mai koyon celo, sunansa Pablo Kasals, ya shiga wani kantin tsofaffin takardun kiɗa a birnin Barselona ta ƙasar Sifen, ya ci karo da su. Ya kai gida. Shekara 12 ya yi yana kaɗa su kullum shi kaɗai kafin ya yarda ya fito da ɗaya gaban jama'a. Da ya fito da su, mutane suka ji abin da ba su taɓa zaton yana cikin takardun nan ba. Tsakanin 1936 da 1939 aka ɗauki kiɗansa na duka shidan a faifai, yau kuwa ba mai celo da a ke kira gwani bai gwada ƙarfinsa a kansu ba.

Ka tsaya ka duba wannan labari da kyau. Ba ɗigo ɗaya da Kasals ya ƙara a takardar Bak. Waɗanda suka riga shi ba makafi ba ne, sun ga alamun nan, yatsunsu sun taɓa wuraren da ya taɓa. Kwafin matar Bak kuma bai cika faɗin inda za a ɗaga sauti ko a sassauta ba, ko irin saurin da za a yi. To, me ya yi shekara 12 yana nema? Yana neman abin da takarda ba ta iya ɗauka: inda magana ta fara, inda ta ƙare, wace alama ce uwa wace ce 'ya, ina za a ja baka da nauyi, ina za a bar sauti ya mutu don kansa. Watau abin nan dai da malaminku ya yi muku ran da ya faɗi "wuya" da bakinsa. Bak ya mutu shekara 126 kafin a haifi Kasals, ba su taɓa ganin juna ba, ba harshensu ɗaya ba. Amma in an ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ni ban ga yadda za a hana Kasals wannan suna ba.

Da na fahimci haka sai na ga ashe mu ma muna da irinsa, ban lura ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa don karantar da mata. Matan ƙauye ba su iya zuwa wurinta duka, mafi yawansu kuma ba su karatu. Sai ta naɗa jajoji, ta ba kowace malfa, su zo su hardace, su koma su rera wa 'yan taru a garuruwansu. Matar da ke can nesa da Sakkwato ba ta taɓa jin muryar Nana ba, muryar jaji ta ji, a bakinta kuma ta sami abin da ta samu. Haka Imfiraji ta Aliyu Namangi, malamin nan makaho na Zariya: an buga ta a littafi, amma bakin makafi masu bara ne ya kai ta lungunan da littafi bai shiga ba. Mu da muka yi makarantar allo kuma mun san Ishiriniya, wadda Alfazazi mutumin Andalus ya yi, ya rasu tun 1230. Da daren Mauludi za ka ga tsohon da bai san Larabci ba yana hawaye in mai murya ya ja baiti, wani kuwa ya ja baitin nan ɗaya mutane su yi ta gyangyaɗi.

Sai dai wannan daraja tana tafe da kaya mai nauyi, don wanda ke iya raya waƙa yana iya kashe ta. A nan aikina ya koya mini wani abu. Ni akawu ne, kuma sau da yawa tsofaffin da ba su karatu su kan kawo mini wasiƙar 'ya'yansu da ke nesa in karanta musu. Ba ni da ikon ƙara kalma ko rage ta, in na yi haka na ci amana. Amma na lura wasiƙa ɗaya ina iya karanta ta uwa ta tashi da murna, ina iya karanta ta ta tashi tana cewa yaron nan ya raina ta, alhali ban sauya ko wasali ba. In na karanta a gurguje da murya ɗaya, kamar mai ƙirga buhuna, na zalunci yaron, don ba haka ya faɗa a zuciyarsa ba. In kuma na yi ta lanƙwasa murya don a ce akawu ya iya karatu, na sake zaluntarsa, don tsohuwar ni ta saurara, ba ɗanta ba. Haka mai rera waƙar wani ya ke tsakanin ramuka biyu. A ganina rami na biyu ya fi zurfi, ko da ya ke an fi yi wa mai faɗa masa tafi. Wanda ya rera a bushe ya bar waƙar kwance, wani na iya zuwa ya tashe ta. Wanda ya mai da ita dokin hawansa kuwa ya koya wa mutane wata aba dabam da sunanta, har in na gaskiya ya zo su ce bai iya ba. Abin da ya sa na ke girmama Kasals shi ne shekarun nan 12 da ya yi shiru.

Saura gardama ɗaya, ita ce ta zamani. Tun 1877 da Edison ya ƙera na'urar da ke kama murya a Amurka, aka bi ta garmaho, aka zo kaset, har yau ga Shata da Narambaɗa a cikin wayar da ke aljihun kowa. Wani zai ce, to, me ya rage? Mai kiɗa ya mutu, kiɗa bai mutu ba. Ba na raina wannan ni'ima. Da an ɗauki tsohon garinmu ko sau ɗaya, da yau na biya ko nawa ne in ji. Amma a lura da abin da na'urar ta adana: mutum ne, a rana ɗaya, yana yi wa waɗansu mutane wasa. In ya yi tari a ran nan, zai yi ta yin tarin nan a wuri ɗaya har abada. Ba ya ganinka. In ka shigo fuska a ɗaure ba zai sauya kome ba dominka. Ga kuma wata ɓarna da ta biyo baya. A garinmu yanzu in ana biki sai a ɗauko lasifika a kunna, an huta da ciyar da makaɗa da sallamarsu. Ɗan tsohon nan da ya sauko mini da kalangu bai koyi kiɗa ba, haya ya ke yi da babur, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ga abin da sana'ar ta bar wa ubansa.

Nan ne tambayar ta kai ni inda ban so ba. Mu mutane ne masu son kiɗa da raina makaɗi. Ba a naɗin sarauta sai da tambari da kakaki, ba a dambe sai da kalangu, manomi ya san yadda gangar noma ke ƙara wa gayya kuzari. Amma in makaɗin nan ya aiko neman aure gidan wanda ya yi rawa jiya, sai a fara tambayar asali. Na san abin da za a ce: akwai maroƙan da suka mai da zambo abin tatsar mutane, ka ba su ko su ɓata ka. Gaskiya ne, akwai su, ba na kāre su. Gardamar malamai kan hukuncin kiɗa kuma ba tawa ba ce, na bar wa masu ita. Da wanda ya ƙi kiɗa ya ƙi makaɗi ba ni da magana, ya bi hanya ɗaya. Maganata da mu ce, da mu ke shan romo mu tofa wa tukunya yawu. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, ya kuwa cancanta. Amma a cikin dubban da suka hardace waƙoƙinsa, mutum nawa ne za su iya faɗin sunan ko ɗaya daga masu kalangun da ke bayansa, waɗanda in sun yi kuskuren bugu ɗaya waƙar ta tuntsure?

Ba zan tsame kaina ba. Shekarun baya an yi wani taro a garinmu, aka kira tsohon nan da jama'arsa suka yi kiɗa tun hantsi har la'asar. Ni aka sa in rubuta abin da aka kashe. Na rubuta sunan wanda ya ba da hayar kujeru, da na wanda ya kawo rumfa, da na matar da ta dafa abinci, kowa da layinsa. Da na zo kansu sai na rubuta "makaɗa, mutum shida", na sa kuɗin a gaba, na ja layi. Suna tsaye a bakin ƙofa sa'ad da na ke rubutawa, ban tambaye su ba, su ma ba su ga abin mamaki ba.

Bayan na dawo daga zauren nan na nemo littafin, na buɗe shafin. Tun daga lokacin na ke bin tsofaffin mahauta ina tambaya. Na sami sunan huɗu, na rubuta su da fensir a gefen layin. Biyun da suka rage an ce baƙi ne da suka zo cin rani daga arewa, ɗaya dogo mai tsagen Gobirawa, shi ke riƙe da ƙaramin kalangu. Har yanzu ban sami wanda ya tuna sunansa ba.